Kundin aikin manhajar sauya hotunan zane a cikin burauza

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na gano a ranar da na gano shi, da dalilin kowace shawara da na yanke. Aikin da na sa a gaba shafi ne guda ɗaya wanda mai zane zai buɗe a burauzarsa, ya ba shi hoton da ya fitar daga Photoshop ko CorelDRAW, shafin ya mayar masa da shi a siffar da ta dace da intanet, wato WebP ko AVIF ko JPEG ko PNG, kuma duk wannan ya gudana a cikin wayarsa ko kwamfutarsa ba tare da fayil ɗin ya tafi wata uwar garke ba, wato babbar kwamfutar da shafukan intanet suke zaune a kanta.

Abin da ya kai ni ga wannan shi ne wata maɗaba'a a nan Kano da nake kula da shafinta na intanet. Yaron da yake yi musu zane yana turo mini fostoci da katunan gayyata a girman da aka tanada domin bugawa a takarda, kowanne megabayit goma ko fiye, alhali mai ziyartar shafin da wayarsa ba zai jira irin wannan nauyi ya sauko ba. Da na ce ya rage su, sai na tarar yana ɗora su ne a shafukan nan na kyauta masu sauya hoto. Datarsa tana ƙarewa wajen ɗorawa, sabis yana yankewa ana dab da gamawa, ya sake daga farko. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne katin ɗaurin aure yana ɗauke da sunayen iyalai biyu da adireshin gida da lambobin waya, ga shi ana miƙa shi ga wata na'ura da ba mu san ƙasar da take ba, ba mu kuma san tsawon lokacin da za ta ajiye shi ba. Wanda ya kawo aiki maɗaba'a amana ya kawo.

Na gindaya wa kaina sharuɗɗa uku. Hoto ba zai bar na'urar mai shi ba. Shafin zai yi aiki a waya mai RAM gigabayit 2. Rubutun da ke jikin zane kuma dole ya karantu bayan an matse hoton. Na ware hotuna biyar na gwaji da izinin mai maɗaba'ar, bayan an sauya sunayen da ke ciki: katin ɗaurin aure, fostar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya, tambari marar bango, hoton atamfofi a kan kanta, da kalanda mai girman A3.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Zubin farko ya tashi, kuma gajere ne ƙwarai. Burauza tana karanta hoton, a shimfiɗa shi a kan allon zanenta, wanda masu gina shafuka suke kira canvas, sannan a kira umarnin toBlob a faɗa masa siffar da ake so da matakin inganci. A Chrome hoton atamfa ya sauko daga megabayit shida da wani abu zuwa ƙasa da rabin megabayit a WebP, ban kuma ga bambancin da zai dami mai saye ba.

Da yamma na gwada a iPhone ɗin wani abokin aiki. Fayil ya fito da suna mai ƙarewa da webp kamar yadda na tsara, amma nauyinsa ya ninka na asali. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na buɗe haruffan farko na cikin fayil ɗin. Kowane WebP na gaskiya yana farawa da RIFF, kaɗan a gaba kuma a ga WEBP, wannan kuwa hatimin PNG ne a goshinsa. Na koma ga ƙa'idar HTML na tarar haka aka rubuta ta: idan burauza ba ta iya fitar da siffar da aka nema ba, sai ta ba da PNG ba tare da ta yi ƙorafi ba. Google ya fito da WebP tun 2010, Safari, burauzar iPhone, ta fara nuna shi a zubi na 14 a shekarar 2020, to amma iya nuna hoto daban, iya ƙirƙirarsa daban. AVIF ma na nema a Chrome da Firefox da Safari, duka ukun PNG suka miƙo mini.

Daga yau shafin ba ya amincewa da abin da ya roƙa, sai abin da aka ba shi. Yana duba nau'in da burauza ta mayar kafin ya raɗa wa fayil suna.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025

Tunda ba za a dogara ga burauza wajen matse hoto ba, dole shafin ya zo da injinansa. Hanyar ita ce WebAssembly, wadda manyan burauzoji suka karɓa a 2017, kuma da ita ake ɗauko manhajar da aka rubuta da harshen C a gudanar da ita a cikin shafi. Squoosh, shafin matse hoto da ma'aikatan Chrome suka fitar a 2018, ya riga ya share wannan hanya, domin ya tattara injinan matse hoto, MozJPEG na JPEG da libwebp na WebP da OxiPNG na PNG da injin AVIF, duk a burauza. Na ɗauki ƙunshin jSquash, wanda ya ciro waɗannan injina ɗaya bayan ɗaya yadda za a iya amfani da su a wani aiki.

Kuɗin da za a biya shi ne nauyin injinan kansu, musamman na AVIF, wanda ya fi sauran girma nesa ba kusa ba. Ba daidai ba ne in ce na zo ceton datar mutum sannan in cinye ta wajen buɗe shafi. Saboda haka babu injin da zai sauko sai an zaɓi siffarsa, idan kuma ya sauko sau ɗaya sai a adana shi a cikin wayar.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 2025

Wannan makon katin ɗaurin aure ya cinye shi, kuma ina ganin abin da na koya a kansa shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya.

Katin yana da bango kore mai duhu, an rubuta kanun sassa da jan launi, a ƙasa kuma akwai layin da ya ce "Manyan Baƙi" da ƙananan haruffa. Na matse shi a WebP a inganci 80, nauyi ya yi kyau, daga nesa komai lafiya. Da na buɗe shi a waya a girman da mai karatu zai gan shi, sai na ga ƙugiyar da ke kan harafin ƙ ta narke cikin bango, layin ya koma "Manyan Baki". Haka ɗ ta "ɗaurin aure" ta zama kamar d mai datti a ka. Ga wanda ba ya jin Hausa wannan ɗan tabo ne da bai kai a tsaya a kansa ba. Ga mu kuwa kalma ce ta sauya, kuma babu uban amaryar da zai yarda a kira baƙinsa baki a katin da ya biya kuɗinsa.

Na ɗaga inganci zuwa 90, na kai shi 95, nauyi ya yi ta hawa, ƙugiya ba ta dawo yadda take ba. Nan na gane matsalar ba ta yawan matsewa ba ce, ta tsarin ajiyar launi ce. Idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske da duhu a kan bambancin launi, shi ya sa tun zamanin JPEG, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1992, aka saba a ajiye hasken kowane fiksel, wato kowane ɗigon da yake cikin hoto, shi kaɗai, amma launi a ajiye guda ɗaya ga kowane fiksel huɗu, biyu a tsaye biyu a kwance. Wannan tsari shi ake kira 4:2:0. A hoton kyamara, fuska ko gini ko itace, dabara ce mai kyau, ba a ganin abin da aka zubar. Amma ja a kan kore mai duhu haskensu ya yi kusa da juna, kusan duk iyakar da ke tsakanin harafi da bangonsa a launi take, kuma launin ne aka rage wa ƙarfi. Ƙugiyar da faɗinta bai wuce fiksel biyu ko uku ba ita ce farkon abin da zai tafi.

WebP iri biyu ne, kuma mai zubar da wani ɓangare na hoto wajen matsewa ya gaji wannan tsari daga VP8, injin bidiyon da aka gina shi a kai, kuma ba shi da wani zaɓi bayan 4:2:0 komai ingancin da aka ba shi. Akwai wani maɓalli a libwebp mai suna sharp_yuv da yake lissafa launin da kulawa, na kunna shi, gefen haruffa ya gyaru sosai, sai dai a ƙaramin rubutu da sauran rina a kaba. MozJPEG da AVIF su suna yarda a ajiye cikakken launi ga kowane fiksel, wato 4:4:4, kuma da na gwada su a haka ƙugiyoyi suka tsaya cak. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗaya nau'in WebP ɗin, wanda ba ya zubar da komai: a tambari da zanen da launukansa ba su da yawa kuma shimfiɗaɗɗu ne, ya fito da fayil ƙarami fiye da PNG, rubutu kuma daidai da na asali fiksel da fiksel.

Fostar Islamiyya ta tabbatar da abu ɗaya. Wasulan da aka sa wa rubutun Larabci da jan launi, da ɗigogin da suke raba ba da ta da sa, su ma haka suka dushe, kuma kuskure a aya ya fi kuskure a katin biki nauyi.

Saboda haka na sauya fuskar shafin. Kafin a yi maganar siffa ko lambar inganci, tambaya ɗaya ce take fara fitowa: hoton nan rubutu da zane ne, ko na kyamara ne? Amsar ita take zaɓar tsarin launi. Na kuma ƙara madubin kwatantawa, asali a hagu sakamako a dama, wanda yake buɗewa a girman gaske ba a ƙanƙance ba, domin a hoton da aka ƙanƙantar kowace matsewa kyau take yi.

Talata, 4 ga Maris, 2025

An shiga azumi, aikin ya koma bayan sallar asham. Yau tambari na duba. Idan aka mayar da hoto marar bango zuwa JPEG, wurin da babu komai yana fitowa baƙi ƙirin, saboda JPEG ba shi da hanyar ajiye wurin da gani yake ratsawa. Yanzu shafin yana bincika hoton tukuna. In ya ga irin wannan wuri kuma an zaɓi JPEG, sai ya tsaya ya nemi a zaɓi launin bango, fari ne a gaba, ko a koma WebP ko PNG waɗanda suke riƙe shi yadda yake. Na kuma lura cewa inuwa mai laushi da ke gefen tambari tana ɗan sauya launi idan ta ratsa ta allon zane, domin allon yana haɗe launi da ƙarfin bayyanarsa wuri guda kafin ya ajiye. Bambancin kaɗan ne, na rubuta shi na wuce.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Na kai wa mai maɗaba'ar sakamakon farko. Ya riƙe kalandar da suka buga a hannun hagu, wayata a dama, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan ba koren da muka buga ba ne." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, ba shi ba ne." Koren da ke wayar ya yi tsanani kamar fitila, na takardar kuwa mai nutsuwa ne kamar ganyen darbejiya.

Dalilin a bayyane yake da na bincika. Mai zanen da ya tashi a maɗaba'a yana aiki ne da CMYK, launukan tawada huɗu, domin abin da injin bugawa yake ji ke nan. Fuskar waya kuwa da haske take aiki, ja da kore da shuɗi, kuma ma'aunin da intanet ta ginu a kai shi ne sRGB, wanda HP da Microsoft suka gabatar a 1996. Sauya ɗaya zuwa ɗayan ba lissafi ne na kai-tsaye ba, ana bukatar bayanin irin tawada da takardar da aka nufa, wanda ake kira ICC. Kalandar ta zo a JPEG na CMYK ba tare da wannan bayani a cikinta ba, sai kowace burauza ta yi nata kirdadon.

Na yi kwana biyu ina auna ko in ɗauko Little CMS, manhajar da aka sani da wannan aiki, in sa ta a shafin. Na fasa a yanzu. Idan fayil bai faɗi tawadar da aka nufa ba, ni ma kirdado zan yi, sai dai nawa zai zo da rigar tabbas. Wanda ya san launin da yake so shi ne mai zanen, kuma manhajarsa tana da duk abin da ake bukata. Abin da na yi shi ne shafin ya leƙa kan fayil ɗin JPEG, inda ake rubuta adadin sassan launi. In ya ga huɗu maimakon uku, sai ya sanar da mutum cewa wannan hoton na bugawa ne, ya koma ya fitar da shi a RGB da ma'aunin sRGB. Ya bar masa damar ci gaba in ya ga dama, amma da saninsa.

Yaron ya tambaye ni ko zai iya jefa fayil ɗin CorelDRAW kai-tsaye, tunda da shi kusan kowa yake aiki a layinsu. Na gaya masa a'a. Tsarin CDR na kamfanin ne, ba a buɗe yake ba, kuma karanta shi rabi da rabi ya fi ƙin karanta shi haɗari, domin zane zai fito da wani abu a ɓace ba tare da an lura ba. PSD, fayil ɗin Photoshop, ya fi sauƙi: yana farawa da hatimin 8BPS, kuma idan mai zane ya bar zaɓin dacewa da sauran manhajoji a kunne lokacin adanawa, Photoshop yana ajiye haɗaɗɗen hoton gaba ɗaya a ciki. Wannan haɗaɗɗen kaɗai nake nufin ɗauka, ba zan taɓa shimfiɗun zanen ɗaya bayan ɗaya ba.

Juma'a, 21 ga Maris, 2025

Kalandar A3 ta fito fari fat a iPhone, babu hoto babu saƙon kuskure. Lissafi ya warware zancen. Takardar A3 a ɗigo 300 cikin kowane inci tana da fiksel 3508 a faɗi da 4961 a tsawo, jimla 17,403,188. Iyakar da aka daɗe da sanin Safari na iPhone da ita ga allon zane ɗaya kuwa 16,777,216 ce, wato 4096 sau 4096. Da ɗan kaɗan kalandar ta haura, shi ya sa A4, mai fiksel 2480 da 3508, take wucewa lafiya ban taɓa ganin matsalar ba.

Wannan lissafi ya tuna mini da abin da masu amfani ba sa gani. Nauyin fayil a ajiye ba shi ne nauyinsa a buɗe ba. Kowane fiksel yana cin bayit huɗu idan an warware hoton, don haka kalandar nan tana neman kusan megabayit 70 na RAM, kuma a tsarina na farko kwafi uku nake riƙewa a lokaci guda: wanda aka karanta, na kan allo, da wanda aka miƙa wa injin matsewa. A waya mai gigabayit 2 wadda WhatsApp da Facebook suke buɗe a bayan fage, wannan ya isa a rufe shafin.

Gyaran ya zo daidai da abin da ya kamata tun asali, domin babu shafin intanet da yake bukatar faɗin fiksel 3508. Yanzu ana rage girman hoto tun a matakin farko, a zana shi a kan allo ƙarami, kuma shafin yana ba da faɗi uku, 1600 da 800 da 400, tare da ɗan rubutun HTML da zai bar burauzar mai ziyara ta zaɓi wanda ya dace da fuskar na'urarsa. Sai dai ragewa a tsalle ɗaya ta ɓata hoton atamfa, ƙananan layukan zanenta suka haifar da wasu raƙuman igiyoyi da babu su a jikin zanin. Da na koma ragewa rabi-rabi har a kusa girman da ake so, sannan a ƙarasa da wata dabarar rage girman hoto mai suna Lanczos, igiyoyin suka ɓace.

Na kuma sa shinge saboda WebP ba ya wuce fiksel 16,383 a kowane gefe. Ƙyallen talla, wato banner, mai tsawon mita shida a ɗigo 100 cikin inci ya kai fiksel 23,622, kuma irin wannan aiki ba baƙo ba ne a maɗaba'a.

Alhamis, 27 ga Maris, 2025

Sallah ta matso, yaron ya zo da hotunan barka da Sallah kusan arba'in na masu shaguna daban-daban, yana so a sauya su a tashi ɗaya. Wannan ne gwajin gaske na farko, kuma shafin ya daskare a hoto na shida. Matsewar tana gudana ne a layi ɗaya da fuskar shafin, don haka muddin injin yana aiki babu maɓallin da yake amsawa. Na kwashe aikin zuwa ma'aikacin bayan fage, wato Web Worker, na kuma jera hotunan a layi, sai an gama da ɗaya an saki RAM ɗin da ya riƙe sannan a ɗauki na gaba. OffscreenCanvas, wanda yake ba da damar zane a bayan fage, sai a Safari 16.4 ya iso a 2023, saboda haka na bar tsohuwar hanya ga wayoyin da ba su kai nan ba.

AVIF, wanda aka gina a kan injin bidiyo mai suna AV1 kuma Chrome ta fara nuna shi a 2020, shi ne ya fi ba da ƙaramin fayil a gwaje-gwajena, amma a ƙaramar waya jiransa ya yi yawa har mutum ya zaci shafin ya mutu. Ana iya raba aikin ga ƙwaƙwalen na'ura da yawa, sai dai hakan yana bukatar wasu saituna biyu a uwar garken da shafin yake zaune, waɗanda masaukin da nake amfani da shi bai ba ni ikon sawa ba. Don haka WebP ne zaɓin farko, AVIF yana nan ga mai kwamfuta da haƙuri.

Sakamakon yana sauka a ƙunshin ZIP guda. Ban sake matse su a ciki ba, tunda hoton da aka riga aka matse ba ya ƙara raguwa. Sunayen fayil masu ƙ da ɗ da ɓ na tabbatar an yi musu alamar UTF-8 domin kada su fito a hargitse.

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

An dawo daga hutun Sallah. Na koma kan sharaɗin farko, domin faɗar cewa hoto ba ya barin waya abu ne mai sauƙi, kowane shafi ma yana iya rubuta haka a goshinsa. Na bi duk abin da shafin yake nema daga waje, na sami biyu da ni na sa su tun farko ban sake tunawa da su ba: salon rubutu da ake ɗaukowa daga wata uwar garke, da ɗan ƙidayar masu ziyara. Babu ɗayansu da yake taɓa hoto, amma na cire su duka, na kuma sa dokar tsaro ta Content-Security-Policy wadda take hana shafin magana da kowane adireshi in ba nasa ba. Rashin ƙidayar yana nufin ba zan san mutum nawa suke amfani da shi ba, na yarda da wannan.

Da na je maɗaba'a ban yi dogon bayani ba. Na roƙi Alhaji ya buɗe shafin a wayarsa ya sauya hoto sau ɗaya domin injin ya sauko, ya sa ta a yanayin jirgin sama da hannunsa, sannan ya zaɓi wani kati ya sauya. Hoton ya fito, babu sabis babu data. Ya juya wayar ya duba alamar jirgin a sama, ya sake gwadawa da wani hoton, sannan ya kira yaron ya ce daga yau da wannan za a riƙa yi. Gani ya kori ji.

Akwai wata fa'ida da ban shirya ta ba amma na ga ya wajaba a bayyana ta a shafin. Hoton waya yana ɗauke da bayanan EXIF, a ciki har da wurin da aka ɗauke shi idan GPS yana kunne. Mace mai sayar da turaren wuta ko ɗinki daga cikin gida, in ta ɗora hoton kayanta yadda yake a shafin kasuwancinta, tana iya bayyana ƙofar gidanta ba da saninta ba. Tunda fiksel kaɗai shafin yake ɗauka ya sake ginawa, waɗannan bayanai ba sa bin sabon fayil. Abu ɗaya da dole a karanta kafin a zubar shi ne alamar juyin hoto, mai lamba 1 zuwa 8, in ba haka ba hoton da aka ɗauka a tsaye ya fito a kwance. Na gwada duka takwas ɗin, sun fito daidai.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Wani tambari ya zo a SVG, siffar da take ajiye zane a matsayin layuka da siffofi maimakon fiksel, da aka mayar da shi PNG sai sunan shagon ya fito da salon rubutu biyu, harafin ƙ ya bambanta da 'yan'uwansa kamar an aro shi. SVG ba ya ɗauke da siffar haruffa sai an sa shi, sunan salon kawai yake ambata, kuma idan burauza ta buɗe shi a matsayin hoto ba ta ɗauko komai daga waje. In wayar ba ta da wannan salon sai ta musanya da wani, in wanda ta samu ba shi da haruffa masu ƙugiya sai ta cike gurbin daga na uku. Maganin yana hannun mai zane, kuma sun san shi sarai saboda maɗaba'a ta koya musu: a mayar da rubutu zane kafin a fitar, abin da CorelDRAW yake kira Convert to Curves. Shafin yanzu yana duba ko akwai rubutu mai rai a cikin SVG ya yi tuni. Ya kuma shawarci mutum ya bar tambarin a SVG in dai shafin intanet za a kai shi, domin ba ya dushewa a kowane girma.

Na ƙara layi ɗaya a wurin zaɓar hoto game da WhatsApp. Hoton da aka turo a matsayin hoto an riga an rage shi an matse shi a hanya, sai a turo shi a matsayin takarda ne yake isowa yadda yake. Katuna biyu da aka kawo mini ƙorafi a kansu, ƙugiyoyinsu sun mutu tun kafin su shigo shafin.

Lahadi, 27 ga Afrilu, 2025

Na gwada cire tambayar farko, in bar shafin ya gane da kansa ko hoto zane ne ko na kyamara, ta hanyar ƙirga yawan launuka da kaifin gefuna. A tambari da hoton atamfa ya yi daidai. A katin da ke da hoton ango da amarya a sama da rubutu a ƙasa ya ce na kyamara ne, ya zaɓi 4:2:0, "Manyan Baƙi" ya sake lalacewa. Irin wannan gauraye kuwa shi ne mafi yawan abin da maɗaba'ar take yi. Na mayar da tambayar wurinta, na ƙara amsa ta uku, hoto da rubutu tare, wadda take kai mutum ga JPEG ko AVIF mai cikakken launi.

Karanta PSD yana aiki a fayilolin RGB da na gwada, ban buɗe shi ga kowa ba tukuna sai na ga yadda zai yi da manya. Hotunan HEIC na iPhone har yanzu Chrome ba ta buɗe su, kuma ban yanke ko nauyin libheif, injin da yake buɗe su, ya cancanci a ɗora wa masu amfani ba. Kalmomin fuskar shafin ma suna bukatar zama da masu zane, domin na rubuta "matakin inganci" amma yaron ya ce shi da abokan aikinsa "kwaliti" suke cewa. Ranar Laraba zai tara mini mutum huɗu daga layinsu, kowa da wayarsa da aikin da yake hannunsa, kuma na roƙe shi ya tabbatar akwai mai tsohuwar waya a cikinsu.